Agwagwar Aida ta Tekunan Arewa: Halittarta, Mazauninta da Sha'anin Kare Ta

Godiya ta tabbata ga Allah, Mahaliccin abin da ke tafiya a tudu da abin da ke iyo a ruwa da abin da ke shawagi a sararin sama, tsira da aminci su tabbata ga Manzonsa.

Bayan haka, abin da aka ɗora mini in yi bahasi a kansa shi ne wata agwagwa ta teku wadda ba ta taɓa sauka a ƙasarmu ba. Sanin kowa ne cewa idan hunturu ya kama akwai agwagin daji da ke tasowa daga Turai, su ƙetare hamada, su yada zango a fadamun Haɗeja da Nguru da gaɓar tafkin Chadi; to wannan ba ta cikin ayarinsu, domin ita Allah Ya ajiye arzikinta a can ƙuryar arewa, inda ruwa yake da gishiri, iska take yankan fata, ƙanƙara kuma take rufe teku watanni da yawa a shekara. Turawa suna kiranta aida, masana kuma a littattafansu suna rubuta ta Somateria mollissima, kuma tun a 1758 Linnaeus, masanin nan na ƙasar Siwidin, ya shigar da ita cikin lissafin halittun da ya tsara. Dalilin da ya sa na ga ta cancanci a tara mutane dominta shi ne, da wuya a sami wani tsuntsun daji da mu'amalarsa da ɗan Adam ta daɗe, ta kuma fito da kyawun halinmu da muninsa a fili, kamar yadda ta wannan agwagwa ta yi.

Ita ce mafi girma cikin agwagin daji na arewacin duniya. Tsawonta yakan kama daga santimita 50 zuwa 70, babba daga cikinsu kuma tana iya kusantar kilo 3. Toron yana da farin baya da farin ƙirji mai ɗan sirkin ja, cikinsa da gefensa baƙi wuluk, ga baƙar hula a ka, ga wani kore mai haske a ƙeya, har wanda ya hango garkensu a kan ruwa daga nesa ba zai rikita su da wani tsuntsu ba. Macen kuwa ƙasa-ƙasa ce mai ratsin baƙi, ba ta da wani ado ko kaɗan, kuma a cikin wannan rashin ado akwai hikima bayyananna, tun da ita ce za ta kwanta wata guda a fili tsakanin duwatsu da busasshiyar ciyawa, inda duk abin da ya bambanta da launin ƙasa ya zama abincin mai farauta.

Abincinta a ƙarƙashin ruwa yake. Tana nutso ne tana tura kanta da ƙafafu da fikafikai rabin buɗe, har ta kai ƙasan teku a zurfin da yakan kai mita 10 ko 20, ta ɓamɓaro ƙumba daga jikin dutse, wato halittar nan mai ɓawo biyu, ta taso da ita sama ta haɗiye ta ɗungum da ɓawonta. Ƙundunta ne yake aikin niƙa, yana murƙushe ɓawon ya fitar da naman, ragowar kuma ta fita tare da kashi. Idan ƙaguwa ta kamo, sai ta riƙa girgiza ta a baki har ƙafafu da ƙahonnin cizon su zube, sa'an nan ta haɗiye gangar jikin. Da yake duk abin da take ci da sha cike yake da gishiri, irin gishirin da zai halaka tsuntsun tudu, sai aka halitta mata wasu 'yan gaɓoɓi a saman idanu masu tace shi daga jini, ya riƙa ɗigowa ta hanci yana bin baki yana zuba. Wannan abinci guda, ƙumba, shi ne ƙarfinta kuma shi ne rauninta, kamar yadda za mu gani nan gaba.

Amma inda al'amarinta ya fi ban mamaki shi ne wajen kwanci. Idan watan Mayu ya kama, ƙanƙara ta fara sakin gaɓa, sai matan su nufi ƙananan tsibirai, kowace kuma galibi tsibirin da aka ƙyanƙyashe ta take komawa, wani lokaci ma gurbin da ta kwanta bara shi za ta sake nema. Kafin ta hau tudu sai ta yi makonni tana ci ba ƙaƙƙautawa har ta tara kitse, domin daga ranar da ta fara kwanci ta yi sallama da abinci. Takan saka ƙwai huɗu ko biyar masu launin kore-kore, sa'an nan ta sa baki a ƙirjinta ta riƙa tsige lallausan gashin da ke ƙarƙashin na waje, tana jera shi kewaye da ƙwan har ya zama musu shimfiɗa da mayafi gaba ɗaya. Haka za ta zauna kimanin kwana 26, ruwan sama ya dake ta, iska ta kaɗa ta, ba ta tashi sai in ƙishirwa ta matsa mata, a lokacin ma sai ta ja gashin ta lulluɓe ƙwan tukuna. Kafin 'ya'yan su fito ta zubar da sulusin nauyinta ko fiye. Idan wani abu ya razana ta har ta tashi ba shiri, takan fesa wa ƙwan wani kashi mai ɗoyi wanda ke sa wasu maharan su ja da baya. Toron kuwa, da zarar kwanci ya yi nisa, sai ya koma teku ya shiga taron 'yan'uwansa maza, su zubar da gashin fikafikansu, su yi makonni ba sa iya tashi.

'Ya'yan ba sa wuce yini ɗaya a sheƙa. Uwar takan ja su zuwa ruwa, a can kuma sai ka ga 'ya'yan uwaye da yawa sun haɗu wuri guda, mata da dama suna kewaye da su, har da waɗanda ba su yi kwanci ba a shekarar ko ƙwansu ya lalace, idan manyan tsuntsayen bakin teku masu fyauce suka kawo hari sai su dunƙule 'ya'yan a tsakiya su tsaya musu. Duk da wannan tsaro, mafi yawansu ba sa kai ga girma. Abin da ke riƙe da jinsin shi ne tsawon ran babbar mace, wadda ba ta fara kwanci sai ta shekara biyu ko uku, amma tana iya rayuwa shekara goma sha biyar ko ashirin. Ina roƙonku ku riƙe wannan ƙa'ida, domin a kanta duk sauran bayanin ya ginu: asarar ƙwai na shekara guda abu ne da jinsin ke iya jurewa, amma mutuwar uwaye, ko da kaɗan-kaɗan ne, idan ta ɗore sai ta cinye asalin.

Game da mazauninta ba zan tsawaita ba. Tana kewaye da ƙuryar arewa kusan ta kowace fuska: gaɓar Norwe da tekun Baltik da Sikotlan da arewacin Ingila da Holan, tsibirin Aisilan da Girinlan, gabashin Kanada har zuwa jihar Main ta Amurka, sa'an nan Alaska da gabashin Sibiriya. An ƙiyasta yawanta a duniya tsakanin miliyan 3 da miliyan 4. Waɗansu suna yin ƙaura kudu kaɗan da hunturu, waɗansu kuma ba sa gusawa. Mafi ban tausayi cikin masu zama su ne na tsibiran Belcher a tekun Hudson na Kanada, inda teku ke daskarewa baki ɗaya sai wasu 'yan gurabe da ƙarfin igiyar ruwa ke hana su rufewa. A bakin waɗannan gurabe dubban agwagi suke cin hunturu, suna zaune a kan ƙanƙara suna jiran igiya ta lafa, da ta lafa su faɗa su yi nutso da gaggawa, da ta sake ƙarfi su fito, domin wadda ta yi jinkiri ruwa zai ja ta ƙarƙashin ƙanƙara. Mutanen Inuwit na garin Sanikiluwak sun dogara da su tun kaka da kakanni, har da fatunsu suke ɗinka rigunan sanyi bayan barewar ƙanƙara ta ƙare a tsibiransu. A hunturun 1991 zuwa 1992 sanyi ya wuce kima, gurabe da yawa suka toshe, agwagi suka mutu rututu, kuma da aka sake ƙidayar sheƙuna bayan 'yan shekaru sai aka tarar kusan kashi uku cikin huɗu sun tafi. Masana suna danganta tsananin wannan sanyi da aman wutar dutsen Pinatubo na ƙasar Filifin a 1991, wanda ƙurarsa ta rage zafin rana a duniya baki ɗaya. Dutse ya yi aman wuta a gabas mai zafi, agwagwa ta mutu a arewa mai ƙanƙara, tsarki ya tabbata ga Wanda ya ɗaure sababi da sababi.

To yanzu mu zo ga ɗan Adam. Abin da ya jawo hankalinsa ga wannan tsuntsu, bayan nama da ƙwai, shi ne gashin nan na sheƙa. Wanda ya san audugar rimi ya kusa fahimtarsa, sai dai wannan ya fi ta rashin nauyi nesa ba kusa ba, kuma kowane silinsa yana da wasu ƙananan ƙugiyoyi da ido ba ya gani, masu kama juna, shi ya sa iska ba ta watsa shi. Kana iya dunƙule mai yawa cikin tafin hannu ɗaya, kana buɗe hannun ya kumbura ya cika hannu biyu, ka kuma ji ɗumi yana taso maka nan take. Da shi ake cusa barguna mafiya tsada a duniya. Sai an tara na sheƙa wajen 60 ko 70 kafin a sami kilo guda tsabtatacce, kuma duk abin da ƙasar Aisilan ke samarwa a shekara bai fi kimanin tan 3 ba, alhali ita ce ke da mafi yawan abin da ake samu a duniya, tana sayar da akasarinsa ga Japan da Jamus.

Akwai hanya biyu ta samun wannan dukiya, kuma mutane sun bi duka biyun. Ta farko ita ce ka afka wa tsibiri, ka harbe uwar, ka kwashe ƙwan, ka tattare gashin, ka ci na bana ka kashe na baɗi. Ta biyu ita ce wadda manoman Aisilan suka gada, wadda a ganina tana cikin mafi kyawun yarjejeniyar da aka taɓa ƙullawa tsakanin mutum da dabbar daji. Manomin ba ya ɗaure agwagwar, ba ya ciyar da ita, ba ya mallakarta. Abin da yake ba ta aminci ne kawai. Kafin ta iso yakan gyara mata gurabe, ya kakkafa tutoci masu launi da mutum-mutumi don korar mahara, idan ta kwanta kuma sai shi da iyalinsa su raba dare suna gadi, a ƙasar da dare ba ya cika yin duhu a watan Yuni, suna tsare ta daga yanyawar ƙanƙara da hankaki da wata muguwar 'yar dabba mai suna mink, 'yar asalin Amurka, wadda aka shigo da ita a 1931 don kiwon fatarta, ta kuɓuce ta bazu a ƙasar. Idan kwanci ya yi nisa sai ya bi sheƙuna ɗaya bayan ɗaya a hankali, wata uwar ta matsa gefe ta tsaya tana kallonsa, wata ma sai ya sa hannu ya ɗaga ta. Ya ɗauke ƙwan, ya zare gashin, ya shimfiɗa busasshiyar ciyawa a madadinsa, ya mayar da ƙwan, kafin ya yi nisa ta koma ta kwanta. Wasu kuma sukan bari sai 'ya'yan sun fita su kwashe abin da aka bari. Daga nan sai shanya, da gasawa da zafi don kashe ƙwayoyin cuta, da kaɗewa a inji, da tsince ciyawa da hannu sili-sili, aikin da ke cin watanni. Dokar ƙasar ta haramta harbin wannan agwagwa tun tsakiyar ƙarni na 19, kuma wurin kwancin da aka yi wa rajista yakan zama hurumi daga tsakiyar Afrilu zuwa tsakiyar Yuli, ba a harba bindiga kusa da shi, ba a kafa taru a bakinsa. Sakamakon shi ne agwagwar da kanta take neman kusantar gidan mutum, har a tsibirai irin su Vigur ana samun tana kwanci a gindin bango da bakin ƙofa.

A tsibiran Vega na Norwe abin ya ma fi haka, domin can mata ne ke riƙe da sana'ar, suna gina wa agwagin 'yan ɗakuna na dutse da katako, su shanya ciyawar teku su shimfiɗa musu, su kuma rage motsi da hayaniya a gida har kwanci ya kankama. Saboda wannan al'ada hukumar UNESCO ta sa tsibiran cikin wuraren tarihi na duniya a 2004. A Ingila kuma ana ba da labarin wani rahibi mai zuhudu, Cuthbert, wanda ya keɓe kansa a tsibiran Farne a 676, cewa ya hana a taɓa waɗannan agwagi. Ruwayar dai sai a ƙarni na 12 aka rubuta ta, saboda haka isnadinta yana da tazara, amma har yau mutanen wannan yanki da sunansa suke kiran tsuntsun.

Inda aka bi hanyar farko kuwa, ta'adin bai ɓoyu ba. A gaɓar Labrador da Main, masu kwasar ƙwai da maharba sun kusa share ta a ƙarni na 19, sai da yarjejeniyar kare tsuntsaye masu ƙaura ta 1916, tsakanin Amurka da Birtaniya a madadin Kanada, ta ambace ta da suna cikin masu bukatar kariya ta musamman, sa'an nan ta farfaɗo. A yammacin Girinlan, bayan bindiga da jirgin ruwa mai inji sun wadata, yawan masu kwanci ya faɗi da kimanin kashi 80 cikin 100 tsakanin 1960 da 2000. Da hukuma ta taƙaita lokacin farauta a farkon shekarun 2000, musamman ta hana harbi gab da kwanci, duk da ƙorafin maharba, ba a yi shekara goma ba sheƙuna suka ninka a wurare da yawa. Wannan hujja ce mai ƙarfi cewa ɓarnar da hannu ya yi kai tsaye tana gyaruwa idan aka janye hannun.

Sai dai musibun wannan zamani sun fi ƙarfin mai gadin tsibiri, kuma nan ne damuwata take. A hunturun 1999 zuwa 2000 an ƙiyasta agwagi wajen 21,000 sun mutu a tekun Wadden na Holan, da aka duba gawarwakin sai aka tarar yunwa ce, a wurin da jiragen kamfanoni suka shekara suna kankare ƙumba da danginta daga ƙasan teku. Ba wanda ya harbe su, abincinsu aka riga su ɗauka, kuma sai a 2005 aka hana wani nau'i na wannan kankara da inji a can. A arewacin Kanada, a wani tsibiri na East Bay, kwalarar tsuntsaye ta ɓulla a 2005, a shekarar da ta biyo baya ta kashe kusan sulusin matan da ke kwanci. A yankin kuma, da can Svalbard, ƙanƙarar teku tana narkewa da wuri saboda ɗumamar duniya, farin beyar da ya saba farauta a kanta sai ya hau tsibirai yana bin sheƙuna, guda ɗaya yana iya cinye ƙwan ɗaruruwa cikin 'yan kwanaki. Ga tarun masunta da ke shaƙe su a ƙarƙashin ruwa, ga man jiragen ruwa da ke ɓata gashinsu har sanyi ya kashe su.

Mas'alar tekun Baltik ita ce mafi wuyar hukunci. Gaggafar teku mai farar wutsiya ta kusa ƙarewa a can saboda gubar DDT da makamantanta, aka yi shekaru ana wahalar ceto ta har ta dawo da yawa, wanda abin farin ciki ne. Amma da ta dawo sai ta sami uwayen aida kwance a fili a kan tsibirai marasa itace, ta riƙa ɗauke su daga kan ƙwai. Tun daga shekarun 1990 yawan aida a Finlan da Siwidin yake raguwa ƙwarai, kuma da yake mata ne ke mutuwa, maza sun rinjaye su nesa. Ra'ayina a nan shi ne ba a gyara wata halitta da ɓata wata, gaggafa kuma haƙƙinta take ci a gidanta na asali. Abin da ya wajaba a kan mutum shi ne ya kawar da abin da shi ya kawo, wato mink da wani karen daji na gabashin Asiya da aka saki a ƙasashen Rasha ya bazu yamma, ya kuma janye bindigarsa daga jinsin da ke raguwa. Denmak ta hana harbin matan, kuma a 2020 kotun Tarayyar Turai ta yanke hukunci cewa izinin da ake bayarwa na harbin toraye gab da kwanci a tsibiran Aland na Finlan ya saɓa wa doka.

Saboda waɗannan dalilai ne ƙungiyar IUCN, mai lissafin halittun da ke cikin haɗari, ta sa aida cikin waɗanda suka kusa shiga barazana a 2015. A 2022 kuma, a taron da aka yi a birnin Budafes, ƙasashen da ke cikin yarjejeniyar kare tsuntsayen ruwa masu ƙaura ta Afirka da Turai da yammacin Asiya suka amince da wani shiri na musamman dominta, wanda ya shafi rage maharan da aka shigo da su, da daidaita farauta da yawan abin da ya rage, da magance mutuwa a cikin taru. Nijeriya da Nijar duka suna cikin wannan yarjejeniya, saboda baƙin agwagin da ke sauka a fadamunmu, don haka wakilanmu suna da kujera a majalisar da ake yanke irin wannan shawara, kuma haƙƙi ne a kanmu mu tambaye su abin da suke faɗa idan sun zauna a kanta.

Ranka ya daɗe shugaba, a nan zan dakata domin a sami lokacin tambayoyi.